Karen Farauta da Gadon Jini: Daga Ƙofar Dumi zuwa Littafin Nasaba

Ƙofar Dumi ɗaya ce daga cikin ƙofofi tara na ganuwar birnin Bauchi, tare da ƙofofin Wunti da Ran da Nassarawa da Jahun da Wambai da Inkil da Tirwun da Wase, kuma ganuwar, wadda kewayenta ya kai kusan kilomita goma da rabi, ta samo asali ne daga zamanin Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo kuma mai riƙe da tutarsa a wannan yanki, wanda ya kafa birnin a 1809. A yau sunan ƙofar ya koma sunan unguwa, gidaje sun mamaye ciki da waje, amma a ƙarni na 19 ƙofar gari ita ce iyaka tsakanin birni mai sarki da alƙali da kasuwa, da kuma dawa wadda ba a shigarta sai da shiri. Daga cikin masu ƙetare wannan iyaka da sanyin asuba akwai mafarauci da karensa, kuma yadda aka riƙa samar da wannan kare, zuriya bayan zuriya, ba tare da rajista ko takarda ba, yana da amsar wata matsala ta cututtukan gado wadda masu kiwon karnuka a Turai da Amurka ba su gane girmanta ba sai da ta cinye musu zuriyoyi.

Farauta a tushen birnin

Ruwayar baka da ta fi yaɗuwa a Bauchi ta danganta sunan birnin da wani maharbi mai suna Baushe, wanda aka ce shi ya nuna wa Yakubu wurin da ya dace da zama a yammacin dutsen Warinje, sarkin kuma ya saka masa da sanya wa garin sunansa. Masana tarihi suna nuna cewa kalmar Bauchi ta girmi birnin, domin tun kafin jihadi Hausawa suna kiran yankunan duwatsu da ke kudu da su ƙasashen Bauchi, baƙi matafiya na ƙarni na 19 kuwa da sunan Yakoba suka san garin. Duk da haka ruwayar tana da nauyinta, domin ta adana wata gaskiya da ake samu a tarihin kafuwar garuruwa da dama na ƙasar Hausa, wato maharbi ne yake fara sanin daji, ya san inda ruwa yake kwana da inda namun dawa suke bi, kafin manomi da malami da ɗan kasuwa su biyo sawunsa.

Sana'ar ta kasu gida biyu. Akwai maharbi, wanda yake shiga daji shi kaɗai ko da yaronsa, da kwari da baka ko bindigar toka, ya yi bago a kan bishiya kusa da mashaya, ko ya ɗaura kan burtu a goshi ya rarrafa har ya cim ma garke, kuma irin wannan ba ya son kare kusa da shi saboda haushi ɗaya ya isa ya ɓata masa kwanton dare guda. Akwai kuma farautar gayya, wadda ake yi da rani bayan an kawar da amfanin gona, inda samarin unguwanni da ƙauyuka da 'yan tauri suke haɗuwa da gora da barandami da makaɗa, su baje cikin fako, su tayar da zomo da gada da barewa da gafiya da zabin daji. A nan ne kare yake zama jigon aiki, domin Bahaushe ya ce kowa ya ci zomo ya ci gudu, gudun kuwa ba ɗan Adam ne yake yin mafi yawansa ba.

Matsayin karen a gari ya dogara ne da hukuncin addini. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo idan an ambaci sunan Allah, Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani kuwa, wadda ake karantawa a zaurukan malaman Malikiyya a duk faɗin ƙasar Hausa, ba ta yarda a ajiye kare a gida ba sai don gadin gona, ko rakiyar dabbobi wurin kiwo, ko farautar neman abinci wadda ba ta nishaɗi ba. Littafin ya kuma ambaci hanin sayar da kare, tare da saɓanin malamai game da wanda aka yarda a ajiye. Wannan hukunci ya sa kare ya zama ma'aikaci mai daraja amma ba haja mai tsada ba, saboda haka kwikwiyo ya fi yawo a matsayin kyauta daga aboki zuwa aboki, ana ba da tukuici a maimakon farashi, kuma babu wanda yake da dalilin kulle jinin karnukansa a gida ɗaya don ya tsare kasuwa.

Kare mai farauta da ido

Masana suna raba karnukan farauta bisa gaɓar da suka fi dogara da ita, wato masu bin sawu da hanci da kuma masu farauta da ido, waɗanda suke hango dabba daga nesa su bi ta da gudu har su kama. Na biyun suna da siffa ɗaya a ko'ina aka same su: dogayen ƙafafu, ƙirji mai zurfi da yake ba zuciya da huhu wuri, siririn ƙugu, dogon baki, da gajeren gashi, kuma zane-zanen kaburburan tsohuwar Masar da na duwatsun Sahara sun nuna cewa irin wannan siffa ta daɗe a Afirka shekaru dubbai. Fitaccen wakilinta a yammacin Afirka shi ne karen Azawak, wanda ya ɗauki sunan kwarin Azawak da ya ratsa arewa maso yammacin Nijar, wajen Cin Tabaradan da Abalak, zuwa yankin Menaka na Mali, kwarin da shanun Azawak su ma suka ɗauki sunansa. Buzaye suna kiran irin wannan kare oska, don su bambanta shi da idi, wato kare kawai, kuma namijinsa yakan kai tsayin santimita 64 zuwa 74 a kafaɗa alhali nauyinsa bai wuce kilo 20 zuwa 25 ba.

Karen da mafarautan Bauchi suka saba da shi ba Azawak ba ne, ya fi shi gajarta da kauri kuma yana haɗa ido da hanci, kamar yadda daji mai duwatsu da sarƙaƙiya yake bukata, amma tsakanin su biyun babu wata katanga. Daga bakin hamada zuwa gindin tsaunukan Filato siffar kare tana sauyawa ne sannu a hankali, kamar yadda ciyawa take sauyawa, saboda Fulani makiyaya da fatake da 'yan cirani ba su daina kai da kawo tsakanin arewa da kudu ba, karnukansu kuma suna barbara a duk zangon da aka yada. Abin da mafarauci yake dubawa shi ne gudu da juriya da ƙarfin zuciya da jin kira, kuma yana neman kwikwiyon karyar da ta yi suna ne saboda ya yarda cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai dai harshen da ya ba shi wannan karin magana ya ba shi wata da take yi mata linzami, wato albasa ba ta yi halin ruwa ba, kuma tsakanin waɗannan maganganu biyu ne ilmin gado na zamani ya zo ya yi bayani.

Yadda cuta take ɓuya a cikin jini

Abin da Hausawa suke kira jini a maganar gado, masana suna kiransa ƙwayoyin gado, wato umarnin halitta da yake jere a kan wasu zarurruka da ake kira kuromosom a cikin kowace ƙwayar jiki. Kare yana da tagwayen kuromosom 39, ɗaya na kowane tagwai daga uwa, ɗayan daga uba, saboda haka kowane umarni yana zuwa masa kwafi biyu. Da yawa daga cikin cututtukan gado ba sa bayyana sai kwafin biyu duka sun zo da aibi iri ɗaya, domin idan ɗaya lafiyayye ne yakan rufe wa ɗan'uwansa asiri, ƙa'idar da Gregor Mendel ya fara bayyanawa a 1865 daga gwajin da ya yi da wani irin wake. Mai karatu ya san wannan lissafi daga cutar sikila, inda masu rukunin AS biyu, waɗanda kowannensu lafiya lau yake, suke da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ta samun mai SS a kowace haihuwa, kuma ƙa'idar ɗaya ce a jikin mutum da dabba da tsiro.

Kowace dabba tana ɗauke da 'yan aibobi ɓoyayyu irin waɗannan, kuma muddin tana barbara da bare, da wuya aibinta ya gamu da irinsa. Haɗarin yana tasowa ne daga barbarar dangi, domin dabbobin da suka haɗa kaka suna iya gadon kwafi guda daga wurinsa ta hanyoyi biyu. A 1922 masanin Amurka Sewall Wright ya fitar da ma'aunin wannan haɗari, wanda ya nuna cewa idan aka haɗa uba da 'yarsa, ko karnuka biyu 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, yiwuwar ɗansu ya gaji kwafi biyu daga tushe guda a kowane gurbi ita ce 25 cikin 100, idan kuma uba kaɗai suka haɗa ta zama 12.5 cikin 100. Yalwar iri, wato yawan bambancin ƙwayoyin gado a cikin al'ummar dabbobi, ita ce garkuwa daga wannan haɗuwa, kuma idan ta ragu, bayan bayyanar cututtuka, haihuwa takan ragu, garkuwar jiki ta yi rauni, rayuwa ta gajarta.

Littafin da aka rufe

A 1873 aka kafa ƙungiyar Kennel Club a Ingila, wadda ta fara ajiye littafin nasaba, wato rajistar da ake rubuta sunan kowane kare da na iyayensa, sauran ƙasashe kuma suka bi sahu. Da tafiya ta yi tafiya aka rufe littattafan, ma'ana ba a karɓar kare a matsayin ɗan asali sai iyayensa biyu suna cikin rajista, kuma daga ranar da aka yi haka duk zuriyar da za ta biyo baya ba ta da wani jari sai jinin 'yan karnukan da aka fara rubutawa. Wasannin nuna karnuka sun ƙara tsuke hanyar, domin namiji ɗaya da ya ci gasa yakan yi barbara da ɗaruruwan karnuka mata, aibinsa ya bazu cikin iri gaba ɗaya kafin kowa ya farga. Wani bincike da masana na Kwalejin Imperial ta Landan suka buga a 2008, bayan sun bi rajistar iri goma, ya gano cewa a takwas daga cikinsu yalwar jinin da ta rage daidai take da ta karnuka 40 zuwa 80 kacal, duk da cewa akwai dubbai a raye, kuma a 2009 ƙungiyar ta daina rajistar 'ya'yan da aka samu tsakanin iyaye da 'ya'yansu ko tsakanin 'yan uwa ɗaya uba ɗaya.

Ƙananan karnuka masu farauta da ido sun ba da misalai biyu masu haske. Na farko shi ne wifet, wanda masu haƙar kwal na arewacin Ingila suka samar don kamun zomo da tsere, kuma a 2007 masana a Amurka suka gano cewa wani sauyi a ƙwayar gado mai taƙaita girman tsoka yana yawo a cikin zuriyar masu tsere. Karen da ya gaji kwafi ɗaya na wannan sauyi yakan fi sa'o'insa gudu, wanda ya gaji biyu kuwa sai tsoka ta yi masa yawa fiye da kima, ya kasa tseren da aka haife shi dominsa, ke nan masu neman zakara su ne suke kiwon aibin da hannunsu. Na biyu shi ne ƙaramin karen Italiya, wanda nauyinsa bai cika wuce kilo biyar ba, kuma yawansa ya ragu ƙwarai a zamanin yaƙe-yaƙen duniya biyu, aka sake gina irin daga 'yan tsirarun da suka tsira. Binciken Jami'ar Kalifoniya da ke Davis ya nuna yawaitar cututtukan da garkuwar jiki take juyowa ta yaƙi mai ita a cikin wannan iri, tare da wani lahanin gado da yake lalata farin rufin haƙora.

Karnukan Afirka da aka kai Turai sun faɗa cikin wannan rami su ma. A farkon shekarun 1970 aka fara kai Azawak Yugoslabiya da Faransa, ta hannun wani jami'in jakadanci da kuma sojoji da ma'aikatan Faransa da suka yi aiki a yankin, kuma daga waɗannan 'yan ƙalilan aka gina zuriyar Turai, wadda ƙungiyar masu kiwon karnuka ta duniya ta amince da ita a farkon shekarun 1980, ta Amurka kuwa sai a 2019. Ƙa'idar siffa da aka rubuta a Turai ta tsaya a kan launukan ja da na yashi, ta bar wasu launuka da ake samu a rugagen Buzaye a waje, farfaɗiya da cututtukan garkuwar jiki kuma suka zama abin da masu kiwon suke fama da shi, har suka riƙa komawa Nijar da Mali da Burkina Faso neman sabon jini. Labarin basenji, karen farautar dazuzzukan Kwango, ya fi wannan fitowa fili, domin bayan wata cutar ƙoda ta gado mai suna Fankoni ta yaɗu a zuriyar Amurka, masu kiwo sun tafi ƙasar Zayar, wato Kwango, a 1987 da 1988 suka kwaso karnuka daga ƙauyuka, a 1990 kuma aka buɗe rufaffen littafin aka shigar da guda 14.

Abin da ƙofa ta tsare

Idan aka auna al'adar mafarautan ƙasar Hausa da wannan ma'auni, za a ga abubuwa uku sun tsare jinin karensu ba tare da sun san sunan kuromosom ba. Kyautar kwikwiyo tana fitar da jini daga gida zuwa wata unguwa ko wani gari, farautar gayya tana haɗa karnukan garuruwa daban-daban na kwanaki a daji guda, sa'an nan dajin da kansa shi ne alƙali, domin karen da yake faɗuwa da farfaɗiya ko wanda ƙodarsa ta lalace ba ya jure ƙishirwar watan Maris balle ya bar zuriya mai yawa. Binciken da Adam Boyko da abokan aikinsa suka buga a 2009 a kan karnukan ƙauyuka a Masar da Yuganda da Namibiya ya tabbatar da cewa irin waɗannan karnuka marasa rajista suna da yalwar ƙwayoyin gado mai yawa, wani binciken kuma na 2018, wanda masanan Sin da na Nijeriya suka yi a kan karnukan gida na Nijeriya, ya gano alamun sabawar jikinsu da cututtukan jini na ƙasashe masu zafi.

Wannan tsari yana da tsadarsa, kuma karen ne yake biya. Kaska da tsutsar ciki da yunwa da ciwon haukan kare suna kashe kwiyakwiyai da yawa kafin su isa fita daji, abin da ya sa allurar rigakafi, irin wadda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom take samarwa, ta fi layar wuya da jiƙe-jiƙen da ake ɗura wa kare amfani. Haka kuma mafaraucin da ya samu gwarzon kare, ya riƙa mayar da shi kan 'ya'yansa da jikokinsa don kada jinin ya salwanta, ya kafa wa kansa rufaffen littafi ko da bai taɓa riƙe alƙalami ba, kuma lissafin Wright zai bi shi har zaurensa.

Ƙarni na 20 ya sauya filin da wannan al'ada take tsaye a kai. Turawan Ingila sun ci Bauchi a 1902 suka shigo da dokokin kare namun daji, a 1956 aka keɓe dajin Yankari mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, wanda aka buɗe wa masu ziyara a 1962, daga baya aka keɓe na Lame-Burra, kuma tun da birnin ya zama hedikwatar jiha a 1976 gine-gine suka cinye gonaki da fakon da suke bayan ganuwa. Mafarautan yau sai sun hau mota sun yi tafiya mai nisa kafin su sauke karnuka, da yawansu kuma sun karkata ga aikin tsaro tare da jami'an gwamnati, kamar yadda maharba suka yi a Mubi a 2014. A gefe guda fataucin karnuka zuwa kasuwar Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke a Jihar Filato yana kwashe karnukan ƙauyukan arewa, a ɗaya gefen kuma masu hali a birane sun koma sayen karnukan Turawa don gadi, waɗanda sau da yawa daga 'yan iyaye ƙalilan ake ta hayayyafa su, suna tafe da ciwon ƙugu da sauran lahanin da rufaffen littafi ya gadar musu.

Hatsarin da yake gaban karen farauta na Bauchi, ke nan, shi ne raguwar yawa da yankewar zirga-zirga, domin idan masu kiwonsa suka zama 'yan tsiraru a cikin unguwannin da kwalta ta kewaye, barbarar dangi za ta shigo ko ba a gayyace ta ba. Maganin bai wuce abin da magabata suka saba yi ba, wato karɓo kwikwiyo daga Ningi ko Alƙaleri ko Dass maimakon gidan maƙwabci, da hana namiji ɗaya mamaye karnukan unguwa, da lura da zuriyar da cuta take maimaituwa a cikinta, a haɗa da rigakafin likitan dabbobi. Masu ginin ganuwar Bauchi sun san cewa katanga tana tsare gari daga mahara, amma hatsi da itace da nama da baƙi ta ƙofa suke shigowa, shi ya sa suka huda ta wuri tara. Masu kiwon basenji a Amurka sai da suka yi kusan rabin ƙarni a bayan katanga marar ƙofa kafin su huda tasu a 1990, kuma jinin da suka shigar ta cikinta na karnukan ƙauye ne irin waɗanda suke bin mafarauta a bayan Ƙofar Dumi.